Macizan garta uku a akwati ɗaya: littafin kiwo

2 ga Maris

Akwatin ya iso jiya, yau na gama haɗa shi. Na gilashi ne, tsawonsa santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, ƙofofi biyu a gaba, samansa kuma raga. Shi kaɗai ya lashe fiye da rabin kuɗin da na ware wa wannan aiki, fitilu da na'urar daidaita zafi suka kwashe yawancin abin da ya rage. Macizan da ake yi wa duk wannan hidima su ne mafi araha a lissafin.

Abin da na sa a gaba shi ne in zaunar da macizan garta mata uku wuri ɗaya, in ga ko zaman zai ɗore. Galibin macizan da ake kiwo a gida kowa da ɗakinsa ake ba su, domin haɗa su ba ya haifar da ɗa mai ido. Garta na cikin 'yan ƙalilan da masu kiwo suka yarda a haɗa. Asalinsu Arewacin Amurka ne, daga Kanada har gangarowa Amurka ta Tsakiya, kuma ire-irensu sun haura 30, duk a ƙarƙashin sunan Thamnophis. Na zaɓi mai jan gefe, Thamnophis sirtalis parietalis. Shi ne wanda ke cinye hunturu dubbai-dubbai a ramukan dutse na Narcisse da ke lardin Manitoba, ya fito a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu har mutane su yi tattaki zuwa kallo. Na kauce wa Thamnophis elegans duk da kyansa, don shi an san shi da haɗiye ɗan'uwansa.

Ƙa'idar da na bi wajen shirya ciki ɗaya ce: duk abin da za a iya yin takara a kansa, ya fi macizan yawa. Maɓoya biyar, uku a ɓangaren ɗumi, biyu a ɓangaren sanyi. Kwanukan ruwa biyu, ɗaya mai faɗin da maciji zai shige ya jiƙu. Dutsen shan ɗumi shimfiɗaɗɗe ne, zai ɗauke su ukun ba sai wata ta hau wata ba. A ƙasa farar takarda na shimfiɗa tukuna, saboda a kanta ne ake saurin ganin kashi ko ƙwaro.

5 ga Maris

Gwajin zafi, ba kowa a ciki. Kan dutse digiri 31, ɓangaren sanyi 23, da dare ya sauka zuwa 20. Na ƙara doguwar fitilar UVB, mai kwaikwayon hasken rana, a kan raga, tunda garta da rana suke harkarsu. Komai ya zauna daidai.

9 ga Maris

Biyu sun iso, 'yan ciki ɗaya, haihuwar Agustan bara. Garta ba sa saka ƙwai, 'ya'ya suke haifa a raye. Babbar na sa mata Gwaggo, giram 24. Ɗayar tana da wani baƙin ɗigo a wuya ta hagu, ita ce Tabo, giram 21. Na ɗauki hoton kan kowacce da wuyanta daga sama, domin in ba a iya bambance su ba, rubuta nauyinsu aikin banza ne.

Da na ɗaga Tabo zan ɗora ta a sikeli sai ta murɗa jiki ta shafe mini hannu da wannan ruwa mai ɗoyi da suke fitarwa ta gindin wutsiya. Sabulu bai fitar da shi a wanki ɗaya ba. Gwaggo kuwa kallona kawai take yi tana ta zaro harshe.

13 ga Maris

Ciyarwar farko. Kowacce na sa ta a robarta mai murfi, kuma haka za a ci gaba har abada. Garta na da haɗama, kuma idan biyu suka kama abinci ɗaya, wannan ta kai wannan ta wutsiya, kowacce haɗiya za ta ci gaba da yi har bakinta ya iske na 'yar'uwarta, ba kuma za ta tsaya ba. Mafi yawan labaran “ta cinye 'yar'uwarta” daga nan suke farawa.

Sun ci tana, manyan nan na ƙasa, na yayyanka musu. Jar tsutsar da ake kiwo a cikin taki ba a ba su, ruwan jikinta na cutar da su. Cin tana kaɗai ba ya riƙe maciji, ruwa ya fi yawa a cikinta, ga ƙarancin kalsiyam, shi ya sa zan haɗa da kifi, daga baya in mayar da su kan jinjirin ɓera. Kifin ma sai an zaɓa. Jan kifin ado da wasu ƙananan kifaye da ake sayarwa don ciyar da dabbobi suna ɗauke da sinadarin tiyaminas, mai lalata bitamin B1. Macijin da aka daɗe ana ba shi irinsu sai ya fara karkata kai, ya rasa daidaita tafiya, har ta kai shi ga farfaɗiya. Karfasa ba ta cikin wannan rukuni, ita na saya, na yanka ƙanana na sa a firiza.

17 ga Maris

Ta uku ta iso daga hannun wani mai kiwon daban. Giram 16, siririya, ga sauri. Auta. Ba za ta ga sauran ba sai ta yi wata uku a killace: roba babba mai huji-huji, a wani ɗaki, da hantsakinta da kwanonta. Ita nake yi wa hidima a ƙarshe, sannan in wanke hannu.

25 ga Maris

Killacewar ta biya kuɗinta tun ba a je ko'ina ba. Tun shekaranjiya nake iske Auta kwance cikin kwanon ruwa, safe da yamma, kai kawai a waje. Yau na zubar da ruwan a kan farin tishu sai ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo ƙanana. Na danna ɗaya da farce, ya bar jan tabo. Ƙwarin nan ne masu shan jinin macizai, Ophionyssus natricis. Da na haska ta da tocila na ga biyu maƙale a gefen idonta, wasu kuma a cikin tsagar da ke ƙarƙashin haɓa.

Wahalarsu ita ce ba a jikin maciji suke saka ƙwai ba. Sukan sauka su nemi lungu, ƙarƙashin bakin murfi ko cikin ɓawon itace, su zuba a can. Kana iya wanke maciji tas, bayan kwanaki sababbi su ƙyanƙyashe su hau shi. Don haka na jefar da duk wani abu na itace da ke robarta, na ba ta maɓoyar kwali da za a riƙa sauyawa, na wanke robar da ruwan zafi. Ita kuma na jiƙa ta cikin ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai sha kanta ba. Na duba Gwaggo da Tabo da takardarsu, ba ko ɗaya. Da kai tsaye aka zuba ta cikinsu, da yanzu akwatin gaba ɗaya ake kwancewa.

27 ga Maris

Likitan dabbobi. Ya ba da maganin ƙwarin da ƙa'idar amfani da shi, ya kuma ja kunne sosai a kan kada a fesa maganin ƙwari na gida kusa da ƙaramin maciji irin wannan. An duba kashinta, babu tsutsar ciki. Kuɗin ganin likita da gwaji da magani sun fi kuɗin Autar kanta. Lissafin wata ukun ya koma farko, zai fara ne daga ranar da na daina ganin ƙwaro.

6 ga Afrilu

Ba ƙwaro tun ranar 2 ga wata. Auta ta daina kwana a ruwa, ta ci tana. Gwaggo ta yi saɓa, ta fita ɗungurungum har da marfin idanu.

14 ga Afrilu

Yau aka yi ta. An ci kifi, kowacce a robarta kamar kullum, na mayar da su akwati. Ina juyawa zan wanke robobin sai na ji ana bugun takarda. Gwaggo ta cafke Tabo a wuya, dab da bayan kai, tana ta taunawa tana matsar da muƙamuƙinta gaba irin yadda take yi wa kifi. Tabo ta nannaɗe jikinta a kanta tana fizga. Babu abinci ko ɗaya a akwatin. Abin da ya faru shi ne Tabo ta yi birgima a ruwan kifin da ke robarta, warin ya bi jikinta, ita kuwa Gwaggo da harshe take gane abinci, kuma yunwar farautar ba ta gama sauka ba.

Ba a jan maciji daga bakin maciji. Haƙoransu ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa baya, ja kawai zai yage fata. Na ɗauke su tare zuwa famfo, na sakar wa kan Gwaggo ruwa mai ɗan sanyi, ba ta saki ba. Sai na riƙe ta ta bayan kai, na zura siririn katin roba tsakanin haƙoranta na sama da fatar Tabo, na tura kanta gaba kaɗan don haƙoran su zare, sannan na ɗaga. Na ƙasan suka biyo da kansu.

Raunin layuka biyu ne na ƙananan huji, jini kaɗan, amma ya fi zuba fiye da girmansa. Garta na da ɗan dafi marar ƙarfi a yawunsu, daga wani ɗan sashe mai samar da shi da ke bayan muƙamuƙin sama. Ga mutum bai wuce ƙaiƙayi ko ɗan kumburi ba. Na wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, na keɓe Tabo a roba mai tsabta. Da dare ta amayar da kifin.

An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma wannan ba faɗa ba ne, kuma ba na ganin ya rushe shirin. Sabuwar doka dai: bayan cin abinci kowacce za ta zauna a robarta rabin awa, a goge ta da jiƙaƙƙen tishu daga kai har wutsiya, sannan a mayar. Rarraba su lokacin ci bai wadatar ba muddin wari na komawa akwati tare da su.

21 ga Afrilu

Raunin ya bushe, ba kumburi. Na bar cikinta ya huta mako guda saboda aman, yau ta karɓi ɗan guntun tana. Ta koma akwati. Kafin la'asar na iske su biyun a maɓoya ɗaya, kan Tabo a kan bayan Gwaggo.

28 ga Afrilu

Na cire takarda, na zuba zaren kwakwa gauraye da ƙasa marar taki, zurfin santimita 8, busassun ganye a sama, da rassa biyu. Nan take suka fara tono da hawa, har na ga ashe takardar ta takura su. Nauyi: Gwaggo 35, Tabo 29, Auta 21.

Maɓoya biyar ne, amma kusan kullum a ɗaya ake samun su, a cukuikuye kamar igiyar da aka jefar a lungu. Na riƙa sauya wa maɓoyan wuri don in ga ko wurin suke so ko junansu. Duk inda ɗaya ta shiga, ɗayar na biyo ta. Wannan ya yi daidai da binciken da Morgan Skinner da Noam Miller na Jami'ar Wilfrid Laurier a Kanada suka wallafa a 2020. Sun zuba ƙananan garta goma-goma a fili mai maɓoya huɗu, suna tarwatsa su suna share wurin, amma macizan na komawa su taru, kuma sau da yawa da waɗanda suka saba. Ni dai ba zan kira shi abota ba. Taruwa na rage musu asarar ɗumi da danshin jiki, tana kuma rage wa kowanne haɗarin zama shi mafarauci zai ɗauka. Ko ma mene ne dalilin, Tabo ta fi natsuwa a hannu tun da take kwana da 'yar'uwarta fiye da makon da ta yi ita kaɗai.

11 ga Mayu

Ƙirgar safe ta ba da ɗaya. Na kwashe maɓoya, na tona ƙasa, babu Tabo. A bayan akwatin akwai hujin da wayar ma'aunin zafi ke shiga, da ɗan marfin roba mai zamewa; sabon reshen ya kai ta daidai wurin, ta ture shi. Duk inda kan garta ya shiga, jikin zai bi.

Na rufe ƙofar ɗakin, na toshe ƙarƙashinta da tawul, na barbaɗa gari siriri a bakin bango, na ajiye kwanon ruwa a ƙasa. Maciji da ya tsere bango yake bi, ba ya ratsa tsakiyar ɗaki. Da yamma sawu ya fito a garin, ya nufi bayan kantar littattafai, inda cajar waya ke ɗumama wurin. Can take, ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Na cike hujin da silikon, na sa wa ƙofofin gaba makulli. Kuɗi kaɗan ne.

30 ga Mayu

Gwaggo da Tabo sun koma kan jinjirin ɓera. Dabarar ita ce a narkar da shi daga firiza, a wanke, a goga masa kifi. Gwaggo ba ta ma jira dabara ba. Kashinsu ya ragu ya kuma yi tauri, wanda babban sauƙi ne, don shara a akwatin macizai biyu masu cin tana ba ta ƙarewa. Auta har yanzu sai tana da kifi, ina barbaɗa mata garin kalsiyam.

15 ga Yuni

Ba labari. Saɓa biyu, an sauya ƙwan fitilar ɗumi da ya mutu.

2 ga Yuli

Wata uku ba ƙwaro, gwajin kashi na biyu ya fito lafiya. Yau aka haɗa su. Na kwashe kayan akwatin na wanke, na sauya musu wuri don kada wata ta ji an shigo mata gida, sannan na zuba su ukun lokaci ɗaya, kwana biyu bayan cin abinci. An yi ta zaro harshe ana bin juna, ba wanda ya buɗe baki.

Nauyi: Gwaggo 58, Tabo 50, Auta 31. Tazarar ta ɗan tsaya mini a rai. A tsawo ba su yi nisa ba, santimita 52 da 49 da 43, amma Auta ta ƙi yin kauri. Masu kiwo na cewa kada a haɗa wanda zai iya shiga cikin wani. Auta ba ta kai nan ba, sai dai zan sa ido.

13 ga Yuli

A ido komai lafiya. Su ukun kan dutse da safe, maɓoya ɗaya da dare, duk wanda ya leƙa sai ya ce an dace. Sikeli kuwa ya faɗi wani abu daban: Gwaggo 63, Tabo 55, Auta 29. Ta ƙi abinci a jere, a roba sai kewaya take yi tana neman hanyar fita.

A nan nake ganin ainihin haɗarin haɗa macizai yake, fiye da cizon da aka yi a Afrilu. Cizo ana jin sa, ana ganin sa. Mai ramewa kuwa tana nan kwance cikin tarin 'yan'uwa, siffarta ɗaya da ta mai ƙoshi. Kashi ma in ka gan shi a akwati ba ka san na wace ce ba, haka amai. In da ba a auna kowacce daban ana rubutawa, da sai ƙashin bayanta ya fito kafin a farga.

19 ga Yuli

Gwaggo ta yi saɓa jiya, yau kuma Auta ta hana ta sakat. Duk inda ta nufa tana biye, ta hau bayanta ta daidaita jiki da jiki, tana goga haɓarta daga wuya zuwa ƙasa, jikinta na wani irin motsi kamar ana girgiza shi, wutsiya na neman naɗe wutsiya. Wannan neman aure ne na garta, babu tantama. Matansu na da wani maiƙo a fata mai jawo maza, wanda Robert Mason da abokan aikinsa suka gano sinadaransa a 1989 a jikin wannan irin mai jan gefe, kuma da harshe da haɓa namiji ke bibiyarsa.

Na ɗauko Auta na juya ta na dubi wutsiyar da kyau, na gwada da ta Tabo. Ta Tabo na sirancewa nan da nan bayan mafitar kashi. Ta Auta kuwa ta riƙe kaurinta har wani ɗan nisa, kuma ta fi tsawo idan aka kwatanta da jiki. Na mayar da ita tsohuwar robarta.

23 ga Yuli

Likita ya tabbatar: Auta namiji ne. A matsayin mace aka sayar mini da shi, kuma ban ga abin ɗaga murya ba, ƙananan garta na rikita ko waɗanda suka daɗe a harkar. Yanzu komai ya fito fili. Mazan garta dama sun fi mata ƙanƙanta da sirantaka, kuma namiji in ya ji warin mace sai ya manta da abinci. Giram 27 yake yau, amma lafiyarsa ƙalau.

Na tambaya: “Likita, ko an riga an yi abin?” Ya ce ba yadda za a sani yanzu. Macen garta na iya ajiye maniyyi a jikinta watanni kafin ta ɗauki ciki, don haka Gwaggo da Tabo na ƙarƙashin sa ido har baɗi. Ba na so, domin ba su cika shekara ba, ciki zai tsotse su. Ga kuma 'ya'yan: haihuwa ɗaya kan kai goma zuwa arba'in, kowanne sai an ciyar da shi daban da guntun tana a bakin hantsaki.

Wasu na barin namiji ɗaya da mata su ce ba komai. Ni na ga yadda Gwaggo ta kasa zama kan dutse ranar nan, na ga kuma abin da sikeli ya nuna a kan shi kansa mai neman. Ba za su koma tare ba.

4 ga Agusta

Akwati na biyu ya iso, santimita 90, da fitilarsa da na'urarsa. Ba ya cikin lissafin farko, ya kuma ƙara kusan rabin abin da aka riga aka kashe. Na ajiye shi a ɗaya ɗakin don kada warin matan ya riƙa isa gare shi. Duk mai shirin haɗa garta ya sa kuɗin akwati na biyu a lissafinsa tun ranar farko, ko rauni ko ciwo ko irin wannan zai sa a buƙace shi.

Auta ya koma cin abinci, har ya karɓi jinjirin ɓera na farko, giram 30. Gwaggo 69, Tabo 61, kuma tun da aka fara goge su bayan ci ba a sake cizo ba.

Abin da ke gaba: a nemo wa Auta namiji ɗan'uwansa mai kusan girmansa, wanda likita zai duba jinsinsa kafin a biya kuɗi, shi ma ya yi wata ukunsa a killace. Kwanciyar hunturu, wadda ake sauke musu zafi zuwa digiri 5 zuwa 10 na wata biyu ko uku, ba za a yi ta bana ba. Sun yi ƙanana, kuma ita ce ke tayar da su ga haihuwa. Awo kowane mako biyu, ga matan kuma zan ƙara da auna kaurin tsakiyar jiki da zare. Awo na gaba ranar 18 ga wata.